Rawanin Baba a Bakin Tafki

Shekarar da Bature ya zo duba turakun iyaka tsakaninmu da Konni, a bakin tafkin Illela ya kafa tanti. Ni da Baba muna shayar da jakunanmu na fataucin kanwa, mutanen gari kuwa sun yi dafifi, wai kallon mai jan kunne.

Ruwan tafkin ya yi kore, talibambam na ta iyo. Mu haka muke sha. Shi Bature sai an tace an tafasa, ga kuma ƙyallen tacewarsa ya ɓata a hanya. Kukunsa ya dubi jama'a, idonsa ya tsaya kan abin da ya fi fari.

"Kai tsoho, kawo rawanin nan," in ji ɗan sandan da ke tare da su.

"Mi na yi?" in ji Baba. "Ga rigata, ku ɗauka."

Ba su saurare shi ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin kan Baba a buɗe ba, ko alwala a bayan danga yake yi. Ɗan sanda ya kama bakin rawanin ya ja, Baba na juyawa kamar mazari, har ya ƙare.

Sai ga kunnensa na dama a yanke. Kowa a wurin ya san wannan yanka, shaidar bawan da ya taɓa gudu ce.

Aka shimfiɗa rawanin a bakin garwa, aka sa Baba ya riƙe gefe ana zuba ruwa. Gansakuka da tsutsotsi suka taru a kai. Baturen yana cikin tanti, ko leƙowa bai yi ba.

Ban riƙe Bature a zuciya kamar yadda na riƙe mutanen garinmu ba. Waɗanda suka ci tuwon gidanmu su ne suka fara dariya. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Da magariba Baba ya rufe kai da tsumma ya tafi masallaci, ya tsaya a sahun gaba inda ya saba. Amininsa, wanda suke cin abinci a akushi ɗaya, ya janye buzunsa gefe, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Wai daga gidan wa ka gudo?"