Dakta Sannu da Bokitinsa

Mahaifina bai taɓa shiga makarantar likita ba, ko da fakewar ruwan sama, amma shekara ashirin da shida ana kiransa Dakta yana amsawa ba kunya ba tsoron Allah. Shi ne mai jakar magani na ƙungiyar ƙwallon garinmu, wadda ke buga gasar ƙwararru. Idan ɗan wasa ya faɗi alƙali ya yafito hannu, shi ne dattijon nan da za ka ga ya taso daga benci da jaka a kafaɗa, bokiti a hannu. 'Yan kallo ne suka ƙara masa Sannu a kan Daktan, saboda tafiyarsa.

Da wankin rigunan 'yan wasa ya fara. Wata rana mai jakar ya yi fushi da koci ya tafi, aka waiwaya aka ga Baba yana shanya safa, aka rataya masa jakar, shi ke nan. Kada in ci haƙƙinsa, ya koyi aikin. Yana taɓa ƙafa ya gaya maka targaɗe ne ko tsagewar ƙashi, ya iya naɗa bandeji, kuma duk shekara yana zuwa kwas na kwana uku ya dawo da takarda Innarmu ta rataye a falo. Amma ba don wannan ne ƙungiya ta riƙe shi ba, koci tara suka zo suka wuce yana nan. Baba gwanin cin lokaci ne.

A gida mutum ne mai hanzari. Kafin ka wanke hannu ya gama cin abinci, kuma na sha ganin ya bi mota da gudu ya ɗare. Tafiyar hawainiyar nan ba ta zuwa masa sai ƙungiyarmu tana gaba da ci ɗaya kuma saura minti goma a tashi. Daga benci zuwa tsakiyar fili, mai lafiya daƙiƙa ashirin ta ishe shi. Baba ya taɓa yin minti biyu da rabi, kuma yana faɗin wannan da irin muryar da wasu ke faɗin digirinsu. Da farko zai cika bokiti fal har baki, don kowa ya ga dole ya taka a hankali. Sannan ya bar bakin jaka a buɗe, yana isa rabin hanya bandeji ya faɗo ya gangara. Sai ya ajiye bokiti, ya bi bandeji, ya naɗe shi tsaf tun daga wancan bakin, domin kayan ƙungiya amana ne. Idan ya iso kuma ba zai taɓa mai rauni ba sai ya gaisa da alƙali, har ya tambayi iyali.

A falonmu yake koyar da sababbin 'yan wasa, a kan wata tsohuwar katifa. Ina ɗinki a gefe ina jin darasin, har na haddace.

"In aka taɗe ka, kada ka kama ƙafa," in ji shi. "Ƙafa taka ce, alƙali na iya cewa a ci gaba da wasa. Bugu a kai kuwa, doka ta ce dole ya busa usur nan take, ko da abokan hamayya na bakin raga. To, kama kai. Kuma kada ka yi mini birgima, kai ba kunama ta harbe ka ba. Ka kwanta shiru kamar an ajiye buhu."

Saura alama, don shi ma ya san abin da ake ciki daga benci. Wanda ya faɗi da gangan zai miƙe hannu ɗaya sama, a sandare, kamar yana neman agaji. Ma'anarsa, Dakta lafiyata ƙalau, ka zo da bokiti. In babu hannu, abin na gaske ne, kuma a nan ne mutane ke mamakin ashe tsohon yana da ƙafafu. Shi ya ƙirƙiro alamar da kansa, yana ji da ita.

A kan wannan katifar na fara ganin maigidana. Ɗan baya ne, dogo, ana ce masa Katanga don duk ƙwallon da ta taso sama kansa take samu. Ya zo koyon faɗuwa sau ɗaya, sai ga shi ya dawo sau shida yana cewa bai gane ba. Innarmu ce ta fara gano cewa ba katifar yake kallo ba. Bayan an yi aure, ranar da zai koma fili, na tare Baba a ƙofar gida yana ɗaure jaka a babur.

"Baba, ƙafafun mutumin nan na ƙungiya ne, ku yi yadda kuka ga dama da su. Amma kan nan nawa ne. Da shi zai gane ni, da shi zai gane 'ya'yansa. A hannunka na bar shi."

Ya yi dariya har da buga sirdin babur. "Ke dai da fitina. Ido ba mudu ba, ya san kima. Daga benci nake gane na gaske da na ƙarya, ban taɓa kuskure ba."

Shekara bakwai kuwa bai yi kuskuren ba. Na ga mijina ya mutu a fili ya fi sau talatin, surukinsa ya tashe shi da soso. Mutumin da ba ya iya haɗa ido da Baba a gida, sai ga shi kwance Baba na matsa masa ruwa a ƙeya yana raɗa masa, "Kada ka tashi tukuna, wanda zai shigo canji bai gama ɗaure takalmi ba." Ni ma, in faɗi gaskiya, dariya nake yi. Amma duk tsallen da ya yi ya sa kai, sai in kau da ido, kuma ban taɓa sabawa ba.

A cikin alƙalan gasar akwai wanda Baba ya fi ƙauna, wani siriri da ake kira Mai Sanƙo. Shi ko hular kanka ka dafa zai busa. 'Yan kallo sun zage shi, masu sharhi a rediyo sun ce irinsa ne ke kashe gasar, hukumar alƙalai ta taɓa ajiye shi wata guda saboda wasan da aka yi faɗuwar kai sau biyar a minti goma. Ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Duk ranar da Baba ya ji shi aka ba wasanmu, sai ya shigo gida yana tafa hannu: "Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo!" Har kwaikwayon gudunsa yake yi wa jikoki a tsakar gida, da cokali a baki a matsayin usur.

Wasan ƙarshe na kakar bara shi aka ba mu. A gidanmu ake bugawa, da la'asar, kuma in ba mu ci ba mun faɗa rukuni na ƙasa. Muna gaba da ɗaya, saura minti huɗu, baƙin suka samu bugun kwana. Aka bugo ƙwallo, Katanga ya tashi, ɗan gabansu ya tashi, kawuna suka haɗu. Wancan ya dafe goshi ya yi tangaɗi ya tsaya. Mijina ya zube rigingine, hannunsa na dama a miƙe sama, a sandare. Mai Sanƙo ya busa.

Filin nan ya ɗauka gaba ɗaya. Baƙi na ihu ƙarya ne, namu na tafi suna "Sannu! Sannu!" Baba ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya tsaya ƙara ruwa a bokiti. Ni kaina na ce a raina, yau kam Baban yara ya ƙure gwaninta, ko motsi babu.

Rigarsa ce ta tsayar mini da dariya. Tun da ya fara ajiye ɗan tumbi, mijina ba ya yarda a ga cikinsa. Ko faɗuwar ƙarya ya yi, sai ya saci hannun hagu ya ja riga ƙasa, na sha tsokanarsa a kan haka. Ran nan rigar ta naɗe har ƙirji a gaban dubban mutane, kuma hannun hagun yana yashe a ciyawa. Sai na ga ƙafarsa ɗaya tana karkarwa.

"Baba! Gaske ne! Baba, ka yi gudu!"

Wa zai ji ni? Mutumin da ke kusa da ni ya dube ni ya kece da dariya, ya taɓo abokinsa: "Kai, ka ga gidan gwanaye, har matar ta iya!" Da ina da lokaci da na gwada masa abin da na iya. Na ture mutane na sauko har bakin waya ina jijjiga ta. Ina kallo bandejin Baba ya faɗo ya gangara, ya ajiye bokiti, ya juya ya bi shi.

Mai Sanƙo yana durƙushe ya riƙe kan mijina da hannu biyu, yana ɗaga murya: "Dattijo, bar wannan ka zo!" Baba ya yi masa murmushin nan nasa, ya nuna bandejin, wato ka yi haƙuri yanzu zan gama. Alƙalin ya sa wani ɗan wasa ya karɓi riƙon kan, ya sheƙo da gudu, irin gudun da Baba ke kwaikwayo, ya damƙi gaban rigarsa ya faɗa masa magana a fuska. Ban ji abin da ya ce ba. Na dai ga Baba ya yi fatali da bokitin da ƙafa, kuma ban taɓa ganin gudu irin nasa na ran nan ba.

Da ya isa, hannuwansa sun san aikinsu. Ya buɗe masa baki, ya gyara numfashi, ya hana kowa ɗaga shi sai da aka ɗaure wuya, ya daka wa masu gadon ɗaukar majinyaci tsawa. Tafin ya mutu a hankali, sashe bayan sashe, har aka shigo da motar asibiti cikin fili.

A barandar asibiti muka zauna, ni a wannan bakin benci, Baba a wancan. Na tara maganganu a bakina da za su ishe shi shekara, ina jiran ya ce uffan in sauke masa. Sai ga Mai Sanƙo ya shigo, ko kayan wasa bai cire ba. Ya yi mana sannu, ya tambayi jiki. Baba ya kasa ɗaga kai.

"Alƙali," ya ce da ƙyar, "hannun nan da ka gani, wata alama ce tamu."

"Na sani, Dakta. Shekara tara da sanina. Babu alƙalin da bai san hannun nan ba."

"To, me ya sa kake busawa?"

"Ni ba likita ba ne. Nawa in tsayar da wasa in kira ka. Sauran naka ne."

Likitar da ta duba shi ta fito da hoton kai a hannu. Ta ce jini ya ɗan taru amma sun tare shi, zai tashi, zai gane mutanensa, ƙwallo dai ya yi sallama da ita. Baba ya tambaye ta zancen hannun. Ta ce ai sananne ne, idan ƙwaƙwalwa ta girgiza sosai hannu kan miƙe ya sandare da kansa, yana cikin abubuwan farko da ake dubawa. Ashe alamar da yake taƙama shi ya ƙirƙiro tana da mai ita tun kafin a haife shi. Ta ƙara da cewa in ya farka zai riƙa maimaita tambaya ɗaya, kada mu gaji, mu amsa masa.

Da hantsi ya buɗe ido. Ya kira ni da sunan da yake kirana in muna mu biyu, ya tambayi yara, na yi kuka har na ji kunyar ma'aikaciyar jinya. Sai ya hango Baba a bakin ƙofa, ya yi ƙoƙarin gyara kwanciya.

"Baba, mun ci?"

"Mun ci."

Ya yi murmushi. "Minti nawa na cinye mana?"

Baba ya matso ya tsaya a gefen gadon. "Kai ba ka ci ko ɗaya ba. Ni na ci. Minti biyu, kana kwance kana nemana, ina naɗe bandeji."

Mijina ya yi 'yar dariya, ya ɗauka wasa ne, barci ya sake ɗauke shi. Bayan minti goma ya farka, ya ga Baba, ya gyara kwanciya. "Baba, mun ci?" Baba ya amsa. Ya sake tambayar mintunan, Baba ya sake faɗa masa, kalma bayan kalma, bai rage komai ba. Kafin azahar sau goma sha ɗaya ke nan, kuma kowane karo muryar tsohon tana ƙara dushewa. Maganganun da na tara na neme su na rasa. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina ya kama ni don na ji tausayin.

"Baba, ka ce masa mun ci kawai. Ba zai tuna ba. Ka je gida ka huta, ni zan amsa masa."

Ya girgiza kai. "Ba ke yake tambaya ba."

Ya jawo kujera har jikin gadon ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Idon mijina ya fara motsi.