Takarda Ɗaya Da Doña Ofelia Ta Zaɓar Mana

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ofishinta a garinmu Madera, kafin ni in gama jawo tayoyina waje. Ta share bakin ƙofa, ta ɗora kofi da kirfa, ta goge tabarau da gefen riga, sannan ta zauna gaban kwamfuta. Kafin takwas benci ya cika: ma'auratan da suka yarda su rabu ba tare da rigima ba, tsohon da zai bar wasiyya, kakar da ke son kotu ta damƙa mata riƙon jika. Shekara goma sha bakwai bango ɗaya ya raba shagona na faci da ofishin Doña Ofelia Barragán, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Sana'arta cike takardun kotu ga waɗanda ba su da ƙarfin ɗaukar lauya. Amma kada ka kuskura ka kira ta lauya, sai ta wanke ka tas. Doka ta hana irinta ba da shawara ko zaɓar wa mutum takardar da zai shigar, ita kuwa ta riƙe dokar nan kamar ita ta haife ta. Na sha jiyo ta ta bango tana cewa, “Ɗana, ni hannu ce, ba baki ba. Faɗi in rubuta.”

Yaran yanzu ba su san da ƙyar ta samu kujerar nan ba. Tana 'yar shekara goma sha huɗu ta bar makaranta ta bi iyayenta tsinkar inabi. Daga baya wani lauya, Mista Kazarian, ya ɗauke ta shara, daga shara ta koma buga takardu, har ta yi shekara goma sha tara a wurinsa. Da tsohon ya rasu, ta kama shagon da ke jikin nawa, ta tafi ofishin gunduma don ta yi rajista da sunanta. Ma'aikaciyar ta yi mata bayani da ladabi: shekara biyu a ƙarƙashin lauya ake nema, nata har sun yi yawa, amma sai an haɗa da shaidar gama sakandare ko makamanciyarta. Matar da ta cike takardun rabin gari ta tsaya riƙe da biro a kan layi ɗaya, ba ta da abin rubutawa. Babu shaida, babu rajista, babu aiki.

Ni ne na kawo shawarar banza, ba zan ɓoye ba. Na ce mata na san wani a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi da ke buga irin takardar nan, har da tambari mai sheƙi. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Chebo, in takardata ta farko ƙarya ce, ta wa za ta zama gaskiya a hannuna? Koma kan tayarka.”

Tana da shekara hamsin da ɗaya ta shiga makarantar manya, ta zauna tsakanin 'ya'yan maƙwabta. Da safe tana jera lemo a kwali a ma'ajiyar 'ya'yan itace, da yamma tana aji. Lissafi ya kayar da ita sau biyu, masu dariya suka sha dariyarsu. Wata maƙwabciyarmu, Remedios Tafoya, ta shaida mini cewa a watannin nan ta je mata da kuka da takardun riƙon jikarta. Doña ta ƙi taɓa su tunda ba ta da rajista, amma ta bar aikin yinin, ta hau bas da ita zuwa teburin taimako na kyauta a kotu, ta zauna tana yi mata tafinta. Wata goma sha huɗu ƙofar shagon na rufe. A karo na uku ta ci jarrabawar.

Ke ce, Doña, mai biron da ba ya ƙarya. Ke ce har yau kike komawa kwas duk shekara biyu kafin sabunta rajista, kina mita kamar an sa ki dole, alhali kowa ya san daɗin abin kike ji. Ina ƙaunarki, kuma ina jin kunyarki fiye da alƙali.

Tun daga ranar da ta buɗe, duk ambulan da ya fita daga hannunta akwai wata 'yar takarda rawaya a ciki. Ni ma na samu tawa. Na je ne kan wasiyyata, da ta miƙo mini in duba sai na ce na manta tabarau. Shekara arba'in ina manta tabaran nan, alhali ban taɓa mallakarsa ba. Sai ta karanta mini komai a hankali. Da na koma gida 'yata ta zaro takardar rawaya ta ce ta shiga makarantar manya ce, an ma rubuta sunana a sama.

Washegari na leƙa da fushina. “Doña, ba ke ce ba kya zaɓar wa mutum takarda ba?”

Ko ɗagowa ba ta yi ba. “Wannan ba ta kotu ba ce. Je ka kai ƙarata.”

Shekara shida takardar tana cikin aljihun motata kafin na yi ƙarfin hali. A ajinmu na tarar da mutum huɗu masu irinta, Remedios na cikinsu.

Mun gode, Doña Ofelia. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ko da yake ban ga alamar za ki iya zaman gida ba. Ku kuma masu sha'awar gadon bencinta, ku bi ta ƙofar da ta bi: ku koma aji, ku cika sharaɗi, ku bar mutumin kasuwar Lahadi da tambarinsa.

Wannan takarda kuwa ba wanda ya cike mini ita. Sa tabarau ki duba, Doña. In kin ga kuskure, nawa ne, da hannuna na yi shi.