Ɗankwalin Bahaushiyar Ustaz Magdi

Ustaz Magdi, maƙwabcinmu a unguwar Al Thumama ta Doha, ɗan Masar ne. Shekara talatin yana zanen barkwanci da katun na yara, kuma har yau da fensir yake farawa. Ranar da ya nuna mini Bahaushiyar da zai saka a sabon katun ɗinsa, raina ya ɓaci. Ɗankwalinta kamar bandejin asibiti!

"Haba Ustaz, haka 'ya'yanmu za su ga uwarsu a talabijin?"

"Yalla, Hajiya Rahmatu, koya mini."

Sau bakwai ina ɗaura wa matarsa a kan mayafinta, yana zanawa, tana dariya. Katun ya fito, ɗauri ya zauna daram. Amma mutumin nan har hararata ya saka wa matar!