Kwamfuta ta tsallake dattawan gidanmu

Jama'a, yau saura ƙiris in kunyata gidanmu kaf!

Baba ya sa ni buga katin walimar saukar ƙanwata. Na zuba sunayen mutane a kwamfuta, na haɗa da katin don kowa nasa ya fito da sunansa. Baba na dubawa ya ɗaure fuska.

"Ina na Liman? Ina na Kawu Sada?"

Babu! Dattawa tara sun ɓace, alhali ga sunayensu a jerin. Na sake haɗawa har sau uku, shiru. Ga walima jibi!

Na ruga Ƙofar Kwaya, shagon Hajiya Bilki, wadda ta tsufa a aikin buga takardu. Wallahi ko kallon kwamfutar ba ta yi ba. Ta ce, "Karanto mini waɗanda suka ɓace."

Na karanto. Ta yi murmushi.

"Ka rubuta lambar wayarsu?"

Na ce, "Haba Hajiya, wa ke kiran waɗannan a waya? Takawa ake yi a gaishe su."

"To ai shi ke nan. Ka sa kwamfuta ta tsallake duk layin da ba lambar waya, ko?"

Innalillahi! Haka na yi, wai don in kawar da layukan da ba komai. Ta danna sau biyu, sai ga Liman a sahun farko!

Na hau godiya. Ta miƙo mini katunan, ta ce, "Ɗana, waɗannan taran da ƙafarka za ka kai. Kwamfuta ce ba ta san manya ba, kai ka sani."