Wanda Ya Mayar Mini da Muryata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Satumba, 2004, bayan sallar la'asar, aka aiko mini har Jahun cewa Allah ya yi wa Malam Bubayero Isah rasuwa a Dutse, bayan gajeriyar jinya. Ina cikin ɗaure wa mandirina sabuwar fata labarin ya same ni. Har yau ban ƙarasa ɗaurin ba.

Malam Bubayero, mutanen Dutse sun san ka da shagon kaset na bakin kasuwa. Mu mawaƙan bege kuwa mun san ka da kwamfutar nan ta ƙuryar shago, wadda kake lulluɓe da zane kamar jaririya. A cikinta ka sa wata manhaja da ke sauraron waƙa, ta faɗi saurin bugunta da matakin muryar da aka ɗauke ta. Sai ka jera wa mutum waƙoƙinsa, masu nutsuwa kafin masu zafi, na ƙasa kafin na sama, don ya san da wacce zai buɗe taro. Nakan tsokane ka in ce Bafillatani ya bar shanun Garki ya dawo kiwon waƙoƙi. Kai kuma ka ce ai waƙoƙina sun fi shanu taurin kai.

Ranar da na fara zuwa wurinka ba daɗi ne ya kawo ni ba. Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ne, kiɗan biki ya ja baya, matasa masu zaƙin murya suka dawo bege suka cika fili. Ni kuwa kullum in kunna tsofaffin kaset-kaset ɗina, in ji muryata can sama, in yi ta ƙoƙarin kamo ta, in kasa. Na yi ta ɗaga murya har maƙogwaro ya dusashe, 'yan amshina na shan wuya a bayana. A wani mauludi a Taura murya ta tsinke mini a tsakiyar baiti, a gaban jama'a. Na dawo gida na rataye mandiri. Na kwaso kaset-kaset ɗin a buhu na kawo maka, na ce ka zuba su a na'urarka, jikoki su san kakansu ya taɓa yin murya.

Da na koma, ka zaunar da ni a benci, ka kunna mini waƙa ɗaya sau biyu. Mauludi ɗaya ne, ni na ɗauka da rakodata, wani ma ya ɗauka da tasa, ya taɓa kawo maka kaset ɗin. Tawa tana gudu tana can sama, tasa tana tafe a natse. Manhajar ta ƙi ajiye su wuri guda, kai kuma ka ƙi sakin maganar sai da ka gano dalili.

"Baba Muntaka," ka ce mini, "da batir mai sanyi kake ɗaukar waƙoƙinka. In batir ya yi sanyi, a hankali kaset yake juyawa. In an zo sauraro sai komai ya yi sauri, murya ta haye. Wadda kake bi ɗin nan ba ka taɓa yin ta ba. Taka ga ta nan."

Wallahi na yi kuka a shagon nan, tsofai-tsofai da ni. Ashe shekara da shekaru da batir nake tsere! Ka bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ka mayar da kowacce mazauninta, ka sake jera mini su. Na sauke murya inda Allah ya ajiye ta, na koma fili. Tuwon da ake ci a gidana yau, bayan ikon Allah, da hannunka a ciki.

Abu ɗaya ka taɓa roƙona: in yi bege ranar walimar auren 'yarka Hassana, bayan ƙaramar salla. Har ka riga ka jera waƙoƙin, ka bar wata waƙa mai sanyi a ƙarshe don a sallami mutane da ita. Ka ce kujerar gaba za ka zauna, ka ji ko zan sake bin batir.

Allah ya jiƙanka, Malam Bubayero, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sada ka da Annabin da ka taimaka mana muka yaba. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hajiya Adda, da iyalinka, da dukkan 'yan uwa na Garki. Allah ya ba ku haƙuri.

Hassana, 'yata, ki yi haƙuri. Zan ƙarasa ɗaurin mandirin nan. Ranar walimarki, in Allah ya kai mu, zan bi jerin yadda mahaifinki ya bar shi, da muryar da ya mayar mini. Kujerar gaba kuwa, don Allah a ajiye ta, kada kowa ya zauna.