Garin Gonar Baba

Shekara goma sha ɗaya Aurika ta yi a Padova tana jinyar tsofaffin Italiyawa. Uku sun cika a hannunta, tana kan ta huɗu, wata tsohuwa mai bakin tsiya. Aurika ba ta da surutu, amma in kana so ka wuni a tsaye, tambaye ta gonar babanta da ke ƙauyensu a Romaniya. Can za ta koma in ƙarfi ya ƙare. Har inda za ta ɗaure akuya ta riga ta zaɓa.

Ƙanenta Sandu ta bar wa amanar gonar, har ta sa masa hannu a takardar wakilci don kada aiki ya tsaya jiranta. Duk kaka yakan aiko mata da garin masara na mamaliga, tuwonsu na gado, ta motar da ke jigila tsakanin gida da Italiya.

A cocinsu na 'yan Romaniya, ranar godiyar kaka kowa kan ɗora abin da ya kawo a tebur, ya faɗi gonar da ya fito, sannan a yi addu'a. Yawanci a kanti suke sayowa, su faɗa ana dariya. Aurika ce kaɗai ke miƙewa ta ce, "Daga gonar babana." Gaskiya tana ɗan ji da kanta a wurin, amma wa zai ga laifinta?

Shekara uku ke nan tuwon ya daina yi mata ɗanɗanon da ta sani. Ta ɗora wa ruwan Italiya laifi, ta ɗora wa tsufa.

Ranar Asabar, ana gobe bikin, ta je tasha karɓar saƙo. Ta tarar an sauya direba, sai ga Fanel ɗan maƙwabtansu, ya yi tumbi.

"Goggo Aurika, ke ce? Italiya ta karɓe ki," in ji shi, yana miƙo buhun. "Ni kam wannan gari ya ba ni dariya. Ke da kanti a ƙofar gida, sai an sayo miki a na garinmu?"

"Wane kanti, sarkin ci? Na gonarmu ne."

"Wace gonar? Wadda aka mayar wurin wankin motoci?" Da ya ga fuskarta sai dariyar ta maƙale masa. "Goggo, na ɗauka da saninki. Ai an shekara uku da Sandu ya sayar da ita."

A tashar ta kira Sandu, buhun na jingine da ƙafarta.

"Yaya, ki tsaya ki ji," ya ce. "Noma ba ya ci da mutum yanzu. Ke kina can kina shan inuwa, ni ke fama da rana."

"Inuwa? Kashin tsofaffi nake kwashewa, Sandu."

"To ai ban taɓa fasa aiko miki ba. Masara masara ce."

Ta kashe wayar. Gonar ta yi mata ciwo, ciwo mai tsanani, amma ba ita ta fi ƙona mata rai ba. Sau uku ta tsaya gaban Ubangiji da jama'a tana godiya kan garin kanti da sunan babanta. Ɗan'uwanta, ciki ɗaya, shi ya sa mata ƙarya a baki, ita kuma ta faɗe ta har da hawaye.

Ba ta zubar da garin ba, abinci bai yi mata laifi ba. Ta tuƙa wa tsohuwar, ita kuwa ta cinye tas ba ko tsaki, abin da ba ta taɓa yi ba.

Da safe ta leƙa baranda, inda ta shuka tumatir a tsohon bokitin fenti. Uku suka rage, ɗaya ma bai gama nuna ba. Ta tsinke su ta naɗe a hankici.

A coci, da layi ya zo kanta, fasto ya yi murmushi ya ce wa jama'a, "Wannan kam mun sani. Daga gonar babanta."

Aurika ta kwance hankicin, ta jera tumatirin a tebur.

"A'a, fasto," ta ce. "Daga bokiti. Ita ce gonar da ta rage mini, kuma wannan karon da gaske tawa ce. A yi addu'a."