Itacen da Iya Ba Ta Kashewa

'Yata Hafsa ce ta ja ni kallon wani fim ɗin Koriya mai dogon zango, ni da ko labarai ba na kai ƙarshensu ba tare da gyangyaɗi ba. An tara mutane a wani tsibiri ana sa su wasanni, wanda ya faɗi a kashe shi, wanda ya rage shi kaɗai ya ɗauki kyauta. Tun ina tsaki har na koma tambayarta inda aka kwana. Aka kashe wani dattijon direba mai raba abincinsa, aka kashe wata budurwa da ta tsaya ɗaga ƙawarta. Duk mutuwar da aka yi sai in ji ƙaurin jiƙaƙƙen itace a hancina, in tuna Iya.

Iya kakata ce, mahaifiyar babana. A gidanmu na Koki, in an sauke tuwo an yi isha'i, ba ta bari a kashe murhu. Mu jikoki mu kewaye ta, ta zungure ni da ƙafa ta ce, "Matsa can, angon banza, ko goro ba ka taɓa saya min ba. To, ga ta nan, tatsuniya ta iso, ku ba ta wuri."

Akwai tatsuniyar da take yawan maimaitawa, ta wasu 'yan uwa da suka gudu daga yunwa a kwalekwale, Dodon ruwa ya ce kowace gaɓa suka wuce sai ya ɗauki ɗaya. Mu kuwa har rige-rige muke, kowa na faɗin wanda za a cinye. Iya ba ta tsawata mana. In Dodo ya ɗauki mutum, sai ta zaro itace ɗaya daga wuta, ta tsoma a ruwa, ya yi cuu. A hankali haske ya ragu, surutunmu ya mutu, mu matso jikinta. In ya rage ɗaya, sai ta durƙusa tana hura shi.

Wata rana na ce, "Iya, kashe wannan ma mu gani."

Ta ce, "Kai, rufa min asiri. Wannan ba a taɓa shi."

Sai da Iya ta rasu, gwaggon babana ta gaya min cewa Iya ta haifi 'ya'ya da yawa, ƙyanda da zazzaɓi suka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, babana kaɗai ya tsira. Shi ne kuma ɗan fari, don haka alkunya ta hana ta kiran sunansa har ta koma ga Allah. Ko gaishe ta ya zo yi, kai take kawarwa ta amsa a taƙaice. Da ƙuruciya na ɗauka ba ta damu da shi ba, kuma abin yana min ciwo.

A kashi na ƙarshe na fim ɗin, wanda ya tsira ya koma gida, uwarsa ta buɗe ƙofa, ta dube shi, ta juya ta ɗora tukunya. Hafsa ta ce, "Abba, wannan wace irin uwa ce? Ko rungumarsa ba ta yi ba."

Na ce mata ta duba da kyau, tukunyar nan saboda shi matar ta ɗora ta. Ina faɗin haka, Iya nake gani a durƙushe gaban murhu, tana hura babana.